Gem mai maki 90 amma yana jan ƙafa a allo: da me ake auna inganci?

Ɗan_Agege:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gem ciki da bai. Akwai ƙaramin gidan gem da ake son gyarawa a Agege, PS4 huɗu ne a ciki, Slim uku da tsohuwa ɗaya, kuma ana tunanin ƙara PS5 guda idan kuɗi ya kai. Kafin a zuba kuɗi a kaset ina so in gane wani abu da ya daɗe yana ɗaure min kai.

Za ka ga gem an ba shi maki 85 ko 90 a Metacritic, shafin da ke tara makin masu sharhi, ana ta kururuta shi a YouTube, amma da an saka shi a nan sai ya riƙa jan ƙafa, ka danna maɓalli ɗan wasa ya yi kamar bai ji ba, yara su buga sau biyu su ce a mayar musu da gem ɗin ƙwallo na PES 2021. Wani gem kuma da ba a cika maganarsa ba sai ka ga hannu ba ya hutawa a kansa tun safe har dare. A waya ma haka ne, wannan ya ce Free Fire shirme ne PUBG ne gem, wancan ya ce PUBG ba ya buguwa sam.

To da me ake auna ingancin gem a gaskiya? A ƙwallo, FC ya fi PES ne ko sabuwar riga kawai ake sauya masa duk shekara? Tsakanin na faɗa, na harbi da na labari, wanne ne ya cancanci kuɗinsa ga mai PS4 a Legas, da irin wutarmu da irin sabis ɗinmu? A taimaka da bayani dalla-dalla, Allah ya saka da alheri.

Injiniya_Otigba:

Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko da za ka riƙe shi ne, makin da ake bayarwa ba na gem ɗin ba ne kawai, na gem ɗin ne a kan wata na'ura takamaimai. Metacritic yana raba maki: na PS5 daban, na PS4 daban, na kwamfuta daban. Mutane da yawa suna duba na farko da ya fito musu su wuce. Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne Cyberpunk 2077, wanda ya fito a Disambar 2020. Na kwamfuta ya samu sama da 85, na PS4 bai kai 60 ba. Kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Foland na kwamfuta kaɗai ya ba masu sharhi kafin ranar fitowa, sai da mutane suka saya suka ga yadda na PS4 yake sandarewa. Abin ya kai Sony ta cire shi daga shagonta, bai dawo ba sai Yunin 2021. Babban gyaran da aka yi masa a 2023, wanda ya sa yau ake yabonsa, bai zo wa PS4 ba kwata-kwata. Saboda haka duk wanda ya ce maka an gyara Cyberpunk gaskiya ya faɗa, amma ba a kan na'urarka ba.

Dalili yana cikin injin. PS4 ta fito a 2013 da firosesar Jaguar mai gudun 1.6GHz, wadda tun a lokacin ba ta da ƙarfi, da rumbun ajiya mai juyawa irin na laftof. Gem ɗin da aka tsara don SSD, wato rumbun ajiya mai sauri da ba ya juyawa, yana ɗauko hotunan gari ne yayin da kake gudu a cikinsa. A PS4 rumbun ba ya iya kawo su da wuri, shi ne za ka ga mota ta ɓullo a gabanka daga babu, ko bango ya tsaya fari fat na daƙiƙa biyu kafin ya yi kala.

Yanzu batun dannawa ba a amsa ba. Wannan shi ne ma'aunin da na fi ba muhimmanci, ya fi kyawun hoto nesa. Gem mai firem 60 a daƙiƙa yana zana sabon hoto duk milisakan 16.7, mai firem 30 kuma duk milisakan 33.3. Ƙwallo da faɗa dole su zama 60. Gem ɗin labari zai iya zama 30 ya yi daɗi, da sharaɗin firem ɗin su zo a jere daidai wa daida. God of War na 2018 a 30 yake tafiya a PS4 ta talakawa, amma ba ka jin tangarɗa. Bloodborne ma 30 ne, sai dai tazarar da ke tsakanin firem ɗinsa ba ta daidaita ba, wani ya zo da wuri wani ya makara, ido sai ya ga kamar hoton yana ƙyarma. Lamba ɗaya, jin daɗi daban.

Amma kafin ka ɗora wa gem laifi, duba abubuwa huɗu a ɗakin, don rabin ƙorafin da ake kawowa Ikeja daga nan yake.

Talabijin. Yawancin na zamani suna sarrafa hoto kafin su nuna shi, kuma wannan na iya ƙara jinkirin da ya doshi milisakan 80 zuwa 100. Shiga saitin hoto ka zaɓi Game Mode a kan ramin HDMI ɗin da PS take, ka kashe abin sulɓin motsi, wanda LG ke kira TruMotion, Samsung ke kira Auto Motion Plus, Sony kuma Motionflow. Jinkirin yakan sauko ƙasa da milisakan 20. Wannan kyauta ne, kuma shi kaɗai yana iya sauya ra'ayin yaro a kan gem.

Hannu. Jabun DualShock 4, wato hannun PS4, ya cika kasuwa, daga Alaba har nan Computer Village. Sandarsa tana da babban fili a tsakiya da ba ya jin motsi, R2 ɗinsa kuma ko dai a kashe ko a ƙure, babu tsaka-tsaki, don haka harbin sanyi a ƙwallo ba ya yiwuwa. Na asali samfurin CUH-ZCT2 yana iya aiki ta waya zalla: shiga saitin na'urori, wajen hannu, ka zaɓi amfani da USB. A ɗakin da hannu takwas ke magana ta Bluetooth lokaci ɗaya ga wayoyin mutane, wannan yana rage tsinkewa. Idan ɗan wasa yana tafiya shi kaɗai ba a taɓa sanda ba, abin aunawar da ke ƙarƙashinta ne ya cinye, sai a sauya ta gaba ɗaya da gam ɗin dalma, fesa mai ba ya daɗewa.

Zafi. Idan fanka tana ihu, ƙura ta toshe haƙarƙarin sanyaya injin. Ana buɗewa da sukurdireba T8 ko T9 mai rami a tsakiya, a riƙe fankar da yatsa kar ta juya yayin hura iska, a goge tsohon man firosesa da sifirit, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake ɗaya. A gidan gem da ke aiki kullum, sharar ƙura duk wata uku zuwa huɗu ba ta yi yawa ba. PS5 kuwa ruwan ƙarfe aka sa mata maimakon man, kar ka bar kowa ya taɓa shi sai wanda ya san aikin, don in ya zuba a kan allon injin an gama.

Rumbun ajiya. Ɗauke wuta ana tsakiyar ajiya yana lalata bayanai, daga nan sai kuskuren CE-34878-0 ya riƙa fitowa. Kashe na'urar gaba ɗaya, riƙe maɓallin kunnawa har ka ji ƙara ta biyu, haɗa hannu da waya, ka zaɓi na biyar, sake gina ma'ajiyar bayanai. Ba ya goge komai. In matsalar ta ci gaba, rumbun ne ya gaji. Kowane mai inci 2.5 da kaurinsa bai wuce milimita 9.5 ba zai shiga. SSD tana rage lodi, amma kar ka sa ran abin mamaki, domin mahaɗin PS4 da Slim SATA II ne. Ka kuma sa UPS tsakanin na'ura da soket, ko da mai riƙe minti goma ce, ta isa a tayar da jen.

Baban_Khalifa_Mile12:

Injiniya ya gama da ƙarfe, ni zan taɓa ƙwallo, tunda ita ce ke biyan haya a kowane gidan gem.

Malam Ɗan Agege, yaranka ba su yi kuskure ba. PES 2021 shi ne na ƙarshe da Konami ta gina a kan injin Fox, kuma abin da ya sa har yau ake riƙe da shi shi ne nauyin ƙwallo. Fas yana tafiya gwargwadon yadda jikin ɗan wasa ya fuskanta da ƙafar da ya buga da ita. In ka ba da fas baya ba ka juya ba, za ta tafi a raunane. Mai tsaron baya yana cin ƙwallo da tsayuwa a wurin da ya dace, ba da gudu kawai ba. Rauninsa a bayyane yake: alƙalin wasa yana barin ƙeta da yawa ta wuce, masu sharhi suna maimaita magana, kuma ƙungiyoyi da dama ba su da sunansu na gaskiya. Wannan na ƙarshen ana gyara shi da fayil ɗin riguna a filash, cikin jakar da aka sa wa suna WEPES, a shigo da shi ta wajen gyaran ƙungiyoyi. Ba ya neman intanet ko kaɗan, ga Master League cikakke.

Abin da ya biyo bayansa kuwa abin takaici ne. A ƙarshen Satumbar 2021 Konami ta saki eFootball 2022 kyauta, ta koma injin Unreal, fuskokin 'yan wasa suka fito a karkace, ya zama cikin gem mafi munin maki a tarihin Steam, shagon gem na kwamfuta. An gyara buguwarsa sosai daga baya, wannan gaskiya ne, amma an gina shi ne don wasan intanet da tara kati. Wanda yake son mutum biyu su zauna gefe da gefe su zaɓi duk ƙungiyar da suka ga dama, zai ga an ƙuntata masa.

Ɓangaren kamfanin EA, FIFA 23 ne na ƙarshe mai wannan suna, daga 2023 ya koma FC. Abin da suka fi kowa shi ne lasisi: Firimiya, La Liga, gasar zakarun Turai, filaye da riguna na gaskiya. Buguwarsa ta fi sauri, ta fi sauƙin koya, kuma ta fi ba mai gudu da mai yanka fifiko. Sai dai ka sani, fasahar motsin da suke tallatawa mai suna HyperMotion, tun daga FIFA 22 ba ta cikin na PS4. Bidiyon da kake gani a YouTube na PS5 ne. Na PS4 yana samun sababbin 'yan wasa da wasu gyare-gyare, amma tazarar da ke tsakanin na bara da na bana ba ta kai kuɗin sabon kaset ba. Shawarata, FC ɗaya mafi sabo a na'ura ɗaya ko biyu saboda masu son ganin sabon ɗan wasan da ƙungiyarsu ta saya, sauran a bar musu PES 2021. Gasar Najeriya ta NPFL babu ta a ko ɗaya, wanda yake son Kano Pillars ko Enyimba sai ya haɗa da hannunsa a PES.

Inda na fi jin zafin FC shi ne Ultimate Team. Tun zamanin FIFA 09 aka kawo shi, yau kuma shi ne zuciyar gem ɗin, sauran sassa kamar Career suna samun ragowar kulawa ne. Kana sayen fakitin katunan 'yan wasa da kuɗi ba ka san abin da ke ciki ba. Tun FIFA 19 suke nuna yiwuwar samun kati, kuma manyan katunan sukan zo da rubutun ƙasa da kashi 1 cikin 100. Yi lissafi: ko da kashi 1 ne cif, wanda ya buɗe fakiti 100 yana da kusan kashi 63 ne kawai na samu, wato cikin mutum uku fiye da ɗaya zai tashi hannu rabbana. Shekara na zagayowa kuma komai ya koma sifili. Ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin wannan a matsayin caca a 2018, har EA ta daina sayar da makin sayen fakiti a can a farkon 2019. Mu da muka san hukuncin caca bai kamata mu jira wata ƙasa ta faɗa mana ba. Kar a bar katin banki a kan asusun shago, kar kuma a buɗe wa yara wannan ƙofar.

Batun da ake cewa gem yana juya wasa da gangan don wanda ke baya ya farke, an kai EA ƙara a kansa a Kalifoniya a 2020, masu ƙarar suka janye a 2021 bayan an nuna musu yadda injin yake aiki. Abin da mutane ke ji a wasan intanet yawanci jinkirin sabis ne, ɗan wasa ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. A wasan mutum biyu a ɗaki ɗaya kuwa, gajiyar 'yan wasa bayan minti 70 da sauya dabara su ne ke kawo farkiya.

Na faɗa: Mortal Kombat 11, Tekken 7 da Street Fighter 6 duk suna kan PS4 a firem 60. Mortal Kombat 1 da Tekken 8 babu su a PS4, kar wani ya sayar maka da labari. MK11 ya fi jan jama'a amma jininsa ya yi yawa, na 'yan shekara 18 ne. Tekken 7 ya fi dacewa da ɗakin da yara ke shiga, sabon shiga yana iya danne-danne ya ji daɗi, gwani kuma yana da zurfin da zai shekara yana tona.

Ɗan_Agege:

Na gode ƙwarai, Injiniya da Baban Khalifa. To batun intanet fa? Ana ta matsa min a saka Call of Duty da Fortnite. Kuma gardamar 'yan waya har yanzu ba a raba ta ba.

Sadiya_CODM:

Yaya Ɗan Agege, gardamar 'yan waya ba za ta rabu ba, domin ba gem ɗaya suke bugawa ba ko da sunan ɗaya ne. Mai waya da Unisoc T606 da RAM 3GB, da mai Helio G99 da RAM 8GB, duniyarsu daban.

Free Fire na Garena ya fito a 2017, an gina shi ne musamman don ƙananan wayoyi: mutum 50, ƙaramar taswira, wasa na kusan minti goma. Hotonsa ba shi da kyau, taimakon saiti ya yi yawa, kuma gwanayen da ake saya suna da baiwar da ke tasiri a faɗa, wanda a wurina aibi ne babba. Amma yana tafiya sumul a wayar da PUBG ba zai ko buɗe da kyau ba, wannan kuwa inganci ne na gaske. PUBG Mobile na 2018 ya fi shi ta fuskar harbi: harsashi yana faɗuwa da nisa, kowace bindiga da irin tsallenta, sautin takun ƙafa yana gaya maka inda mutum yake. Kuɗin da yake karɓa shi ne ƙarfin waya da rabin awa na nutsuwa. Call of Duty Mobile (CODM) na 2019 shi ya fi daidaito, don yana da gajerun wasanni na biyar da biyar, sai dai yana cin wuri sosai in ka sauke dukkan taswirori. Duka PUBG da CODM suna cika wasannin farko da 'yan wasan kwamfuta, don haka kashe mutum 15 a ranar farko ba shaidar komai ba ce.

Saiti: kullum a sauke kyawun hoto a ɗaga firem. A PUBG zaɓi Smooth, sannan mafi girman firem da wayar ta yarda. A zaɓin firem, High 30 ne, Ultra 40, Extreme 60. Mai Smooth da Extreme zai ga abokin gaba ya kuma harbe shi kafin mai HD da High. Ƙarin RAM da ake rubutawa a kwali, irin 8+8, rabinsa aro ne daga ma'ajiyar waya, ba ya ƙara firem ko ɗaya. Abin dubawa shi ne firosesa da irin ma'ajiyar, UFS ta fi eMMC sauri. Idan wasa ya fara lafiya ya lalace bayan minti 15 zuwa 20, zafi ne, wayar ce ke rage gudunta da kanta don kare batir. Cire kwanson roba, rage hasken allo, kar a buga ana caji sai in wayar tana da tsarin da wuta ke wucewa kai tsaye ba ta batir ba, kamar wasu samfuran Infinix.

Sabis kuma, yawan megabit ba shi ne magana ba. Wasan kansa ɗan data kaɗan yake ci. Abin da ke kashe mutum shi ne fing, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je saba, babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, ya dawo, da kuma rawar da wannan lokacin ke yi. Haske a cikin wayar fayiba yana cin kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya. Wayar MainOne daga Legas zuwa Fotugal kusan kilomita 7,000 ce, zuwa da dawowa milisakan 70 ke nan tun kafin a lissafa na'urorin hanya da ragowar tafiya zuwa Landan ko Farankfot. Don haka duk gem ɗin da sabarsa take Turai, fing na milisakan 100 zuwa 130 shi ne lafiyarsa a nan, ko 5G gare ka ko Starlink. Fing 120 da ya tsaya cak ya fi 70 da ke tsalle zuwa 300. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin teku huɗu suka yanke a gabar Afirka ta Yamma, kowa ya ga yadda muka dogara da su.

A shago, ja wayar LAN daga rawuta zuwa kowace PS. Tsohuwar PS4 ɗinka 2.4GHz kawai take kamawa, Slim ce ke da 5GHz. Duba gwajin intanet na na'urar: in ya nuna NAT Type 3, haɗuwa da wasu 'yan wasa da magana za su riƙa ba da wahala, kuma layukan SIM sun fi kawo wannan. Sannan afdet. Call of Duty: Modern Warfare na 2019 haɗe da Warzone ya taɓa wuce 200GB a kwamfuta, PS4 ɗinka kuwa wataƙila 500GB ce gaba ɗaya. Fortnite ya fi sauƙi, kyauta ne kuma ba ya neman PS Plus, rajistar Sony da ake biya don wasan intanet, amma ranar da afdet ya sauko ba mai bugawa sai an gama saukewa. Na'ura ɗaya ta isa wa wannan.

Ka kuma kula da asusu. Najeriya ba ta cikin ƙasashen PSN, tsarin intanet na PS, mutane na buɗe na Amurka ko Ingila. Ƙarin kayan gem da aka saya a asusun Amurka ba ya aiki da kaset ɗin Turai. Duba lambar CUSA a gefen kwalin, wadda ke nuna na wane yanki ne, kafin ka sayi komai.

Malam_Idi_Araba:

Duk abin da 'yan'uwa suka faɗa daidai ne, amma ina da ja a wuri ɗaya. In muka tsaya a firem da fing, za mu mayar da inganci ya zama lafiyar inji kawai. Gem yana iya tafiya a 60 cif ya zama fanko.

Tambayar da nake yi wa kowane gem ita ce, awa ta goma tana ba ka abin da awa ta farko ba ta ba ka ba? Assassin's Creed Valhalla na 2020 yana da kyan gani, babban labarinsa kaɗai yana cin kusan awa 60, amma tsarin yanki bayan yanki iri ɗaya ne: ka je, ka yi wa sarkin wurin aiki, ka kai hari, ka dawo. Kwatanta da The Witcher 3 na 2015, inda ƙaramin aikin gefe kan zo da labarin da zai sa ka tsaya ka yi tunani kafin ka zaɓi wanda za ka goya wa baya. Tsawo ba daraja ba ne. God of War na 2018 kusan awa 20 ne, kuma har kusa da ƙarshe yana ba ka sabon makami ko sabuwar dabara.

Red Dead Redemption 2 shi ne inda masu sharhi da masu bugawa suka fi rabuwa, kuma kowa da gaskiyarsa. Babu duniyar da aka gina da kulawa irin tasa a PS4. Amma motsinsa yana da nauyi da gangan, ɗaukar gwangwani daga kan tebur ma sai ka jira hannu ya miƙa ya dawo, kuma ayyukan labarin ba sa yarda ka kauce daga hanyar da aka shata, ka ɗan yi gefe a ce ka faɗi. Ga mai zaman gida da lokaci, gem ne na musamman. Ga yaron da ya biya kuɗin minti 30, babinsa na farko a cikin ƙanƙara zai cinye kuɗin bai ga komai ba. Shi ya sa GTA V, mai shekaru tun 2013, ya fi shi karɓuwa a shago, cikin minti ɗaya kana kan titi da mota. Sai dai GTA V na manya ne, akwai tsiraici da ashar da wurin azabtarwa a ciki. Lambar shekaru ta PEGI da ke gaban kwali, 3, 7, 12, 16 ko 18, ba ado ba ce. Iyayen unguwa sun ba ka amanar yaransu, Malam.

Akwai ma'auni biyu da mai sharhi a Turai ba zai taɓa sakawa a lissafi ba. Na ɗaya, ajiya da tsayarwa. Gem ɗin da ke ajiye kansa duk 'yan mintoci ya fi mana wanda sai ka kai wani wuri. Elden Ring gwani ne wajen tsara faɗa da bincike, yana ajiya a kai a kai, amma ba shi da maɓallin tsayarwa na sosai, an kira salla kana gaban dodo sai dai ka zaɓa. Na biyu, ko gem yana rayuwa ba tare da saba ba. Ubisoft ta rufe sabar The Crew a ƙarshen Maris 2024, kaset ɗin da mutane suka saya da kuɗinsu ya zama ba ya buɗewa. Gran Turismo 7 yana neman intanet don yawancin sassansa, a Maris 2022 ya yi sama da kwana ɗaya kusan a rufe saboda gyaran saba. Concord na Sony mako biyu ya yi a kasuwa a 2024 aka janye shi. Warzone Mobile ma, Sadiya ta sani, shekara ɗaya da 'yan watanni ya yi aka cire shi daga shagunan waya a Mayun 2025. Juya bayan kwali ka karanta, in an rubuta dole sai da intanet, ka ɗauka haya kake yi ba saye ba.

Wajen karanta sharhi, makin jama'a a Metacritic ana iya yi masa taron dangi saboda fushin da bai shafi buguwa ba, kamar yadda aka yi wa The Last of Us Part II a 2020. Na Steam ya fi amfani, don yana nuna awannin da mai sharhin ya buga, ya kuma ware ra'ayin kwanan nan daga na tun farko. Don lafiyar gem a kan na'ura, nemi gwajin Digital Foundry, masu auna yadda gem ke tafiya a kan na'ura, ko ka rubuta sunan gem ɗin da PS4 Slim a YouTube ka kalli minti goma na wasa tsantsa daga tsakiyarsa, ba talla ba.

Abin da ke ci min rai shi ne yadda muke fitowa a waɗannan wasanni. Call of Duty: Advanced Warfare na 2014 yana da babi guda a Legas, amma garin fage ne kawai na harbi da tsalle a kan motoci. Resident Evil 5 ya sha suka a 2009 kan yadda ya nuna 'yan Afirka. Masu yi daga gida suna nan, Maliyo Games a nan Legas suna yin na waya tun 2012, a Kamaru kuma Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016. Ƙanana ne, ba za a haɗa su da masu kasafin miliyoyin daloli ba, amma sun cancanci a buga su a kuma faɗa musu gaskiya in sun gaza.

Ga na'urorinka huɗu, ni zan sa PES 2021 da Tekken 7 a dukkansu, FC a biyu, God of War da Marvel's Spider-Man na 2018 a ɗaya don masu sayen awa, Crash Team Racing Nitro-Fueled don ƙananan yara tunda mutum huɗu na iya raba allo ɗaya. PS5 ta jira tukuna, kuɗinta ya tafi ga hannu na asali guda takwas, UPS, da wayar LAN.

Injiniya_Otigba:

Na yarda da jerin Malam. Ƙari ɗaya: in za ka sayi kaset na hannu a Ikeja ko Alaba, kar ka tsaya a ganin ya buɗe. Bari ya gama kwafewa cikin na'ura gaba ɗaya a gabanka, don tsagar da ke kusa da bakin faifan sai can wajen ƙarshen kwafi take nuna kanta. Ka ɗaga shi a haske ka duba zoben tsakiya ma, in akwai tsaga ko siririya ce a wurin, ajiye musu kayansu.